Kuncin Kaka a Jikin Bango

Da na buɗe adaka ranar Juma'a da hantsi, sai na ji zannuwana suna warin gindin randa. Nan take Kaka ta faɗo mini a rai.

Kowace damina takan bi ɗakunan gidanmu na unguwar Aboabo tana manna kuncinta a bango, kamar mai duba jikin jariri. Nakan tsokane ta: "Kaka, sabon miji kika samu?"

"Ja can, mara kunya! Bango ma yana zazzaɓi, nasa dai sanyi ne."

Bara ta rasu. Ɗakin da ke manne da nawa kuwa a kulle yake tun da gwamnati ta kori baƙi daga ƙasar nan, mai ɗakin ya tafi, ba wanda ya san kwanonsa na yoyo.

Na janye adakar, na manna kuncina a bangon. Sanyi ƙalau. Na danna farar ƙasar da muka shafa da Sallah, yatsana ya nutse. Na suri ɗana daga tabarma, na fito ina ihu.

Kafin la'asar bangon ya zube a kan tabarmar nan. Maƙwabciyata ta rungume ni tana cewa, "Ya isa, 'yata, kun tsira."

Kaka, Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi.