Kukar Hagu ta Yaya Badaru

Yayana Badaru manomi ne a ƙauyenmu na bayan Tsanyawa, kuma tun muna yara kansa a karkace yake tafiya, kamar zakara ya hango shaho. Kowa ya ɗauka girman kai ne. Ni ma haka na ɗauka, don dai yana da shi buhu guda.

Da Baba ya rasu, ni aka ba ni kasona a fadama, babbar gona kuma aka raba tsakanin Badaru da ƙaninmu Nababa. Iyakar ba ta da wuya. Ka tsaya a kan dutsen bakin hanya, ka hangi kukar ƙarshen gona, ka ja kunyar farko zuwa gindinta. Badaru ne babba, shi ke ja duk damina, kuma duk damina sai ta kutsa gonar Nababa da kunya bakwai. In an yi magana ya ce, "Kukar hagu Baba ya nuna mini." Mu ce wace kukar hagu, ai kuka ɗaya ce. Ya ce mu ne makafi. Shekara tara ba sa gaisawa, ko ranar Sallah, ni kuwa a tsakiya kunnena ya sha.

Shekarar da mai ya yi tsada, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, yanar ido ta rufe Badaru bayan shuka. 'Yarsa Sauda ta kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce ban da yana, baƙin idonsa tun haihuwa ba zagayayye ba ne, shi ya sa yake ganin komai biyu-biyu, da inuwarsa a gefe, har yake karkata kai. Da ya cire yanar sai ya gyara wannan ma, ya kuma gargaɗe shi cewa ƙasa za ta yi masa baƙunta, ya riƙe sanda mako biyu.

Wa ya ga Badaru da sanda? Ya sauko daga bas yana tsallake ramin da babu shi, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofar da yake tsallakewa shekara arba'in, ya zauna daɓas a ƙwaryar ƙullu. Wai an ɗaga masa tsakar gida. Daga nan ƙasa ya kalle ni ya ce, "Larai, ashe hancinki ɗaya ne?" Allah ya so shi dai, gaba yake da ni.

Kwana uku ya ce sai gona. Ya ƙi sanda, ya riƙe bakin mayafina har kan dutsen. Ya daɗe yana hange.

"Wa ya sare ɗayar?"

"Yaya, je ka nemo kututturenta."

Ya tafi yana tangaɗi cikin gero, ya duba, ya tona da ƙafa. Babu kututture, babu ko saiwa. Ya zauna a gindin kukar. Na so in yi masa dariyar shekara tara, wallahi tausayi ya hana ni, don na san rumbunsa fayau yake, kuma geron kunya bakwai a wannan shekarar ba abin wasa ba ne.

Da kaka ta yi, shi da kansa ya yanke geron, ya ɗaure, ya ɗauki damin farko a ka zuwa ƙofar Nababa. Sau biyu yana zubewa a hanya, don har lokacin ƙasa ba ta daina yi masa baƙunta ba. Nababa ya fito ya ga dami, ya ga mutum duk ƙasa a gwiwa, ya durƙusa.

"Yaya, ina kwana."

Badaru ya ƙare masa kallo, kansa a miƙe. "Ashe kai ma kai kaɗai ne. Duk shekarun nan na ɗauka ku biyu kuka taru a kaina."

Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Nababa ya shiga ɗaki ya ɗauko sandar Baba ya miƙa masa, ya karɓa, suka koma kwaso sauran damman tare.