Mista Amankwa Ba Ya Jin Hausa

Shekara goma sha huɗu Mista Amankwa ya yi a Suleja, kuma duk unguwar Kwamba an san shi da abu biyu: tsayi da rashin jin Hausa. In ka yi masa magana sai ya washe baki ya ce, "Lafiya, lafiya, na gode," ko da kuwa ƙarfe nawa ka tambaye shi. Mutane har sun gaji da mamaki. Ga Kosisochi mai kemis, shekararta biyu kacal da zuwa amma har faɗa take yi da Hausa, shi kuwa malami guda, da gilashi da jakar littattafai, kansa ya ƙi ɗauka.

Gaskiyar magana, da Hausa ya fara buɗe baki. Mutumin Gana ne, a zangon Hausawa na Kumasi aka haife shi, inda mahaifiyarsa ta kama haya tana sayar da dokunu, tuwon masarar mutanen Gana, da soyayyen kifi. Cikin 'ya'yan fataken goro ya tashi, da su ya buga ƙwallo, da su ya yi dambe. Turanci daga baya ya same shi a makarantar mishan.

Abin ya samo asali ne ranar da ya je neman aiki a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Wambai. Mai makarantar, Alhaji Mahmudu, ya duba takardunsa, ya ɗago kai ya tambaye shi da Turanci ko yana jin Hausa. Kafin ya amsa, Alhaji ya ci gaba: "Don in kana ji, ba na so. Wanda na sallama rabin darasinsa da Hausa yake yi, yara suka je jarrabawa suka kwaso mana kunya." Mista Amankwa ya dubi takalmansa da suka sha yawon neman aiki tun daga Legas, ya haɗiye amsar da ta zo masa, ya girgiza kai.

Ya ɗauka abin na zangon karatu ɗaya ne. Sai ya ɗanɗana daɗinsa.

Ranar farko da ya shiga aji, wata yarinya a layin gaba ta ce wa ta kusa da ita, ba ma ƙasa-ƙasa ba, "Ke, dubi wuyansa, wallahi kamar zalɓe." Ya juya wajen allo da sauri yana rubuta kwanan wata don kada su ga yana danne dariya. Tun daga ranar sunansa Zalɓe, kuma a gabansa ake faɗa.

Yara dai sun koyi Turanci, don ba yadda za su yi. Ko fitsari kake ji sai ka haɗa jimla. Sannan kuma suna tsoronsa. Wata shekara Ghali da Musaddiq, 'yan aji biyar, suka tsaya a bakin teburinsa yana maki, suka tsara yadda za su shiga jarrabawa da amsa a cikin safa, har da ƙafar da kowa zai sa. Washegari ana raba takardu ya zo ya tsaya a kansu, ya murza zoben aurensa sau uku yana kallon silin, ya ce da Turanci, "Ghali, cire safar hagu. Musaddiq, kai ta dama."

Kafin a tashi labari ya game makaranta: zoben nan na tsafi ne, daga Gana ya zo da shi. Bai taɓa musantawa ba. Daga baya ma ko ba abin da ya ji, in aji ya cika surutu sai ya ɗan taɓa zoben, ka ji tsit.

A gida kuma akwai Hajiya Sailuba, mai gidan da yake haya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kullum tana baranda kusa da firizarta tana ƙulla zoɓo da kunun aya, 'yarta Sa'ida na taya ta. Hajiya ba ta jin Turanci, tsakaninta da shi sai gaisuwa da nuni da hannu. Amma da zarar ya fito shan iska sai ta fara magana da Sa'ida.

"Mutum ya yi kwana biyar da riga ɗaya, wai shi malami."

Sai ya bari kwana ɗaya ya wuce don kada a gane, sannan ya wanke rigar.

"Wannan tarin nasa, da yana da hankali ai citta da zuma zai nema."

Bayan kwana biyu sai ga shi da kwalbar zuma.

Sau ɗaya abin ya so ya fi ƙarfinsa. Shekarar da matarsa ta rasu a Kumasi, ya je ya binne ta ya dawo, abinci ya ƙi shiga. Yana kwance da rana ya ji Hajiya tana cewa, "Sa'ida, ki ƙara hannu a tuwon nan. Bawan Allahn nan tun da ya dawo ban ga hayaƙi a ƙofarsa ba. In ya tambaya ki ce ya yi mana yawa ne." Da Sa'ida ta kawo, ta faɗa masa da Turanci cewa ya yi musu yawa ne. Ya karɓa, ya rufe ƙofa, ya ci yana hawaye. Duk godiyar da ke cikinsa, "na gode" ɗin nan tasa ta kullum kaɗai ya iya fitarwa.

Bana gwiwoyinsa suka fara ƙin hawa matakalar makaranta. 'Yarsa Abena, wadda take aikin jinya a Kumasi, ta ce ya isa haka, ya dawo gida. Ya shaida wa Alhaji Mahmudu cewa ƙarshen zangon Yuli zai tafi. Ya fara ɗure littattafai a kwali, ya raba wa maƙwabta bokitai da risho. Sai kuma bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Maganar shekara goma sha huɗu ce cunkushe a maƙogwaro, ya ga ba zai iya kwasarta haka ya tsallaka iyaka da ita ba.

Da Abdulsalami mahauci ya fara. Ranar Asabar ya je teburinsa a kasuwa, Abdulsalami ya ce wa na kusa da shi, "Ga mutumina ya iso, bari in haɗa masa da jijiyar nan." Mista Amankwa, idonsa na kan naman, ya ce a hankali, "Jijiyar ka bar wa mai haƙora. Ni nawa sun yi ritaya."

Wuƙa ta tsaya cak. Abdulsalami ya dubi dama, ya dubi hagu, ya leƙa bayan tebur. Da ya dawo da ido kan Mista Amankwa sai ya tarar da fuskar nan ta kullum, baki a washe. "Na gode, na gode," in ji shi. Ya karɓi tsoka zalla ya tafi, ya bar mahauci yana ta a'uziyya.

Ya yanke shawarar a taron bankwana zai fasa ƙwan gaba ɗaya. Amma ya ga Hajiya ta wuce a ce ta ji a bakin mutane. Ranar Laraba da la'asar ya sa riga wankakkiya, ya jawo benci ya zauna nesa kaɗan da ita. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, barka da yamma. Akwai maganar da na daɗe ina so in gaya miki. Ki yi haƙuri, ni ina jin Hausa."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ƙulle ledar da ke hannunta, ta jefa a roba, ta ɗauki wata.

"Sai yau?"

"Na'am?"

"Na ce sai yau ka ga dama? Malam, tun daminarka ta farko a gidan nan na sani. Ranar da akuyata ta shiga ɗakinka ta cinye maka takardun yara. Ina banɗaki na ji ka. Zagin da ka yi wa dabbar nan ko a tasha ban taɓa jin irinsa ba. Har kakanta ka taɓo."

Mista Amankwa ya cire gilashi, ya goge, ya mayar.

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa in cuci kaina? Ina zan ƙara samun namijin da zan gaya wa gaskiya ya yi shiru, kuma ya je ya aikata?"

Sa'ida, wadda ita ma duk shekarun nan ba ta sani ba, ta saki mazurari ta shige ɗaki da gudu, don ta tuna abubuwan da ta sha faɗa a waya a bakin tagarsa. Shi kuwa dariya ta kama shi har da tari.

"Kuma ka gyara Hausarka kafin ka fita da ita," in ji Hajiya. "Irin ta mutanenku ce. Akuyar nan mace ce, kana ta ce mata 'kai'."

Kwana biyu ya yi yana bita a ɗaki: ke, ki, ta, ita.

Ranar Juma'a da safe aka taru a filin makaranta. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango da yadin shadda. Da aka miƙa masa makirufo ya tsaya, ya dubi yara, ya murza zobensa. Fili ya yi tsit.

"Assalamu alaikum," ya ce. "Sunana Zalɓe."

Ihu ya tashi. Wasu suka rufe fuska da hijabi, wasu suka kwanta a kan benci. 'Yan aji shida biyu suka zame ta bayan tankin ruwa ba a ƙara ganinsu ba sai bayan an tashi.

"Malam Tanimu," ya ce wa malamin lissafi, "kujerar nan ta ƙarƙashin fanka da kake cewa taka ce in tsoho ya tafi, na bar maka. Amma ƙafarta ɗaya tana rawa, ka riƙa sa mata kwali." Malam Tanimu ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Ya gaya musu zoben ba ya komai, na aure ne. Ya ce ya ji zagi, amma ya ji abin da ya fi zagi yawa. Ya ji yaran da suka haɗa baki kada wanda ya yi surutu satin da ya dawo daga binne matarsa. Nan fa duk bitar da ya yi ta gudu. Ya nuna shugabar ɗalibai ya ce, "Halimatu Sadiya, kai ne ka shirya wannan, na ji ka."

Yarinyar ta ɗaga hannu kamar a aji, ta miƙe.

"Sa, 'ke ce kika shirya' ake cewa. A sake."

Ya sake. Ta ce ya sake da ƙarfi na baya ba su ji ba, yadda yake yi musu. Ya sake, fili ya ɗauki tafi.

Alhaji Mahmudu kaɗai ne bai yi dariya sosai ba. Ana watsewa ya ja shi gefe ya ce, "Malam, har wayoyin da nake yi a ofis kana zaune?"

"Har su, Alhaji. Amma ni tsufa ya kama ni, mantuwa gare ni."

Alhaji ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce direbansa ne zai kai shi tasha.

Kwana huɗun da suka rage masa bai zauna ba. Ya bi Kwamba shago-shago yana hira, da tela, da mai shayi, da masu keken da suka sha ɗaukarsa suna gulmarsa. Wasu suka ba shi haƙuri, wasu suka ce shi ne ma ya kamata ya ba su. Talata da hantsi ya tafi, da kwalaye shida da ƙullin kuka da daddawa da Hajiya ta cusa masa a jaka.

Yanzu yana Kumasi wajen Abena, yana kiwon kaji a bayan gida. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya kira Hajiya, ya tambayi kowa da kowa da sunansa, ya kawo labarin kaji ɗaya bayan ɗaya. In ya yi nisa sai ta miƙa wayar ga duk ɗan hayar da ya zo wucewa, ta ce, "Ungo, riƙe min Malam, miyata za ta ƙone."