Tugdual Kerbrat, Mai Wanke Gishirin Penhors

Shekara talatin da ɗaya ke nan ƙarfe bakwai na safe ba ta samun Tugdual Kerbrat a gida. Yana rumfarsa ta bayan tashar jiragen ruwa ta Porsmelen, ya naɗe hannun riga, yana bin tankunansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebi ruwa ya auna gishirinsa, ya zubar, ya zuba sabo. Aikin ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi. Mu kuwa mutanen gari, da bakinmu da ba ya hutawa, mai yi wa tsatsa wanka muke ce masa.

Abin da ke jiƙe a tankunan tarkacen Penhors ne, jirgin yaƙi mai tafiya da tururi. Ya yi yaƙi a Bahar Aswad, ya je tekun Sin ya dawo lafiya, sai ga shi a shekarar 1869 guguwa ta maka shi da duwatsu a nan ƙofar gidanmu, mutum tamanin da huɗu suka halaka. Waɗanda suka tsira suka ce inji ne ya tsaya. Hukuma ta ɗora laifin a kan babban injiniya, Goulven Riou, wai tsoro ya sa ya rufe tururi ya gudu. Shi kuwa yana ƙarƙashin teku, ba bakin kare kansa. Zuriyarsa ce ta ɗauki abin kunyar, har ya zama in injin masunci ya mutu sai sauran masunta su ce Riou ya shigo masa jirgi.

Annaig Riou, tattaɓa-kunnen injiniyan, tana da shekara tamanin da huɗu lokacin da masu nutso suka ciro makullin tururin, wato abin da ake murɗawa a ba inji ƙarfi. Ya fito dunƙule cikin ɓawon tsatsa da yashi. In a rufe yake, hukuma ta yi gaskiya. In a buɗe yake, an zalunci mutum. Tugdual ya ce shekara shida zai sha ruwa kafin a taɓa shi, domin ƙarfen da ya daɗe a teku, in ya sha iska da gishiri a jikinsa, marmashewa yake yi.

Magajin gari ya gaji da jira a shekara ta uku, ga bikin tunawa da jirgin ya matso. A gaban mutane ya ce, "Haba Tugdual, ƙarfe ne fa, ba jariri ba. Sa guduma ka fasa mana, baƙi na tafe."

"Yallaɓai, angar nan ta tsayar da jirgi da babanka ya ciro daga teku ya ɗora a katangar lambunsa, ina take yanzu?"

Kowa ya san bazara biyu ta yi ta zama gari. Magajin gari ya gyara hula ya tafi, aka yi biki ba makulli.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce ranar da Annaig ta zo da kanta, tana dogara sanda. "Ɗana, ni fa ba ni da shekara uku a aljihu," in ji ta.

"Madam Riou, in na fasa yau, garin tsatsa zan miƙa miki, gaskiyar da ke ciki kuma ta tafi ke nan."

Matarsa Gwenola ta gaya mana ranar ko abinci bai iya ci ba. Tun daga nan, kowace Juma'a sai ya hau kekensa ya kai wa tsohuwar labarin yadda gishiri ya ragu, su sha kofi da burodi mai man shanu, ta yi masa tsiya cewa kunkuru ya fi shi sauri.

Kai ne, Tugdual, ka hana tsohuwa abin da take so don ka ba ta abin da take nema. Mun ga laifinka a lokacin, kuma muna jin kunyar hakan.

Da shekara shida ta cika, wata huɗu ya yi yana ɓamɓare ɓawon da ɗan tsinken ƙarfe. Aka turo Annaig a keken marasa lafiya. Makullin a buɗe yake har ƙarshe, sandar da ke haɗa shi da inji ce ta karye. Ta daɗe tana shafa ƙarfen, sannan ta ce, "Ashe yana bakin aikinsa." Ta kuma ce a tura ta gidan shan kofin masunta, tana da magana da su.

Mun gode, Tugdual, gwanin haƙuri. Duk wanda aka ba amanar aikin da ba ya son gaggawa, ya dubi mutumin nan ya koyi cewa a'a, ko ga mai mulki, ko ga wanda yake tausayi. Annaig ta cika casa'in da ɗaya bana, kuma yanzu in an tambaye ta sunanta, da ƙarfi take faɗa.