Telan da Ya Daina Zama

Ƙasimu, mutumin Tawa, ya yi shekaru yana ɗinki a shagonsa na kasuwar Lazare, har da ma'aikata biyu. Haraji ya yi ta hawa, bana ya fi bara, har ran nan ya rufe ƙofa, ya sallami mutanensa, ya saɓa keken ɗinki a kafaɗa. Mai karɓar haraji shago yake bi, ba ya bin ƙafa.

Tun daga nan Ƙasimu bai zauna ba. Yana ratsa unguwar Bobiyel yana kaɗa almakashi, a kira shi, ya yi faci a ƙofar gida, ya ƙara gaba. Kafaɗarsa har ta yi kanta. Motocin gwamnati kuwa, sababbi fil, suna wuce shi suna watsa masa taɓo daga ramukan da ba a cike ba.

Yayarsa Zuwera ta ce, "Ƙasimu, girma ya zo, ka nemi wuri ka zauna."

Ya ce, "Yaya, ni tela ne. In yadi bai kai ba, riga ake ragewa, ba a yanko na maƙwabci. Masu gwamnati su rage rigarsu yau, gobe in zauna."