Tekun Hajiya Husaina da Masu Feshin Sauro

Kwamitin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya turo masu feshin sauro, suka zura bakin inji ta tagar Hajiya Husaina mai ƙanƙara, ba sallama ba sanarwa, suka cika mata ɗaki da hayaƙin magani. Jatan landenta biyu sun mutu, wani ɗan kifinta shuɗi ya bi su, murjaninta ɗaya ya zagwanye ya bar farin ƙashi. Wannan shi ne abin da aka yi, kuma har yau ba wanda ya tako gidan daga cikinsu ya ce mata sannu.

Na san mai karatu zai ce me ya kawo jatan lande da murjani ɗakin mace a tsakiyar Kano. To, teku gare ta. A akwatin gilashi yake, tsawonsa bai wuce hannu biyu ba, yana jingine da bangon ɗakinta, ƙarƙashin tagar da ke kallon layi. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma a kan idona aka yi komai.

A Unguwar Gano aka haife ta, ita da 'yar tagwayenta Hassana, mahaifinsu tela ne. Aure ya kawo ta layinmu, gidan Malam Garba, wanda ya yi aikin akawu har ya ajiye. Da firji ɗaya ta fara sana'a, tana ƙulla ruwa a leda tana sayar wa masu zoɓo da masu kunun aya. A hankali ta haɗa sola da batir, ta zama ita ce ba ta yankewa ko an ɗauke wuta. Mace ce da ba ta son hayaniya, ba ta zuwa biki sai ya zama dole. Babban ruwan da ta taɓa gani kafin ta haura hamsin shi ne dam ɗin Tiga, shi ma ta tagar mota.

Sai Allah ya nufe su da Umara, ita da Hassana. A Jidda, suna jiran jirgin dawowa, suka shiga wani gidan abinci, ta ga akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu abubuwa masu launi suna kaɗawa a ciki kamar iska na taɓa shuka. Wani Bahaushe da ke aiki a wurin ya ce mata murjani ne, kuma mai rai ne, har abinci yake ci. Shinkafarta ta huce tana tsaye. Da ta dawo, kowa na rabon dabino da zamzam, ita kuwa magana ɗaya ce a bakinta.

"Maman Hanan," ta ce mini, "kin san jan murjanin nan da iyayenmu mata ke sawa a wuya? Ashe danginsa dabbobi ne. Na gan su da idona suna buɗe baki."

Na ce, "Hajiya, ko dai zafin Makka ne ya taɓa ki?"

Ba ta kula ni ba. Ta duƙufa kallon bidiyo a waya, inda Turanci ya fi ƙarfinta ta kawo mini, ni da na gama sakandare, mu yi ta haɗawa muna gyarawa. Wani mai gilashi a kasuwar Tarauni ya yanka mata akwatin. Ƙaninta Lawan, direban babbar mota da ke kai albasa Legas, shi ya nemo shagon masu irin wannan kaya a can, ya kawo mata buhun gishirin teku da yashi fari da wasu duwatsu masu ramuka. Matan layi suka yi ta ba ta shawara, ai gishiri gishiri ne, ta zuba na miya mana, ta ɗebo ruwan bohol. Ta ce a'a. Tataccen ruwan da take sarowa a gidan fiya wata don ƙanƙararta, da shi ta dama gishirin.

Daga nan ta kunna injin da ke juya ruwan, ta kunna fitila shuɗiya a sama, ta zauna. Fiye da wata guda ba komai a akwatin sai dutse, wai sai ruwan ya nuna kafin a sa mai rai. Labari ya zaga layi cewa Hajiya Husaina ta fara kiwon dutse. Malam Garba kansa, idan ya dawo daga masallaci, sai ya leƙa ya ce, "Hajiya, ya yi ƙiba kuwa? Ki faɗa mini in ya isa yanka."

Ranar da Lawan ya iso da kula a gaban mota, ya ɗaura mata bel kamar fasinja, ba zan manta ba. Ya shigo yana cewa, "Yaya, karɓi amanarki. Tun daga Legas ban taka birki da ƙarfi ba saboda su." A ciki akwai ledoji ɗaure da ruwa. Kifi biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, ƙananan murjani a kan guntayen dutse, da wata halitta kamar curin nama da ta ce furen teku ce. Ni dai ban ga abin burgewa ba. Amma da aka kwana biyu na koma, sai da na nemi wurin zama. Curin nan ya buɗe ya kai faɗin faifai, yatsu ne birjik kore masu ruwan hoda a baki, suna rangaji. Murjanin nan, wani kamar ciyawa kore shar, wani kamar tarin ƙananan idanu, wani idan ruwa ya kaɗa shi sai ki rantse gashin jariri ne. Su kuwa kifin biyu sun shige cikin yatsun furen suna birgima kamar yara a katifa sabuwa. Hajiya ta ce furen yana harbi, duk kifin da ya taɓa shi ya shiga uku, amma waɗannan biyun ba ya taɓa su. Ta ɗauko ɗan guntun nama a tsinke ta miƙa masa, na ga yatsun sun naɗe shi sun kai tsakiya. Ni da na zo aron turmi, sai da aka kira la'asar na tuna.

Babban kifin ita ce macen, ita ke korar ƙaramin ta sa shi share dutse. Da aka gaya wa Malam Garba haka, ya gyara hula ya ce, "Ashe har a teku haka abin yake." Tun ranar ya daina tsokanarta. Yanzu shi ke goge gilashin da safe, yana yi yana musun cewa ya damu da su.

Abin da ke kashe irin wannan kiwo a garinmu zafi ne da rashin wuta, kuma duka biyun sana'arta ta riga ta tanadi maganinsu. Sola na riƙe injin. Da bazara, lokacin da ko ruwan randa ke ɗumi, sai ta daskarar da ruwa a gorunan roba ta riƙa sakawa suna yawo a saman akwatin, wannan ya narke ta sa wani, fanka na hura saman ruwan. Na sha ganin mai zoɓo a ƙofar gida yana roƙon ƙanƙara, ta ce ta ƙare, alhali akwai a firji, ta 'yan teku ce. Bazara biyu ta fitar da su haka. Murjanin ya yaɗu ya rufe duwatsu. Lawan ya ƙaro mata jatan lande masu jan baya da farin gashin baki, waɗanda idan ka sa hannu a ruwan sai su hau su yi ta tsintar maka yatsu, da ɗan shuɗin kifin nan. Matan da suka ce tana kiwon dutse su ne ke kawo baƙinsu daga Hotoro da Darmanawa a nuna musu.

Sai ga ranar feshi. Muna tsakar gidanta da hantsi, tana ƙulla leda ina taya ta, muka ji rurin inji a layi, sannan wari ya buge mu. Kafin mu kai ɗakin, hayaƙi fari ya cika shi. Ba ta yi ihu ba. Ta toshe hanci da mayafi ta shiga, ta kashe injin da ke zuƙo iska cikin ruwan, ta ce, "Maman Hanan, bokitai." Allah ya sa tana ajiye duro guda na damammen ruwan gishiri. Tana zuƙe na akwatin da tiyo, ni ina ɗebo sabo, Malam Garba na fifita ɗakin da tabarma yana tari. Ta sa wani gawayi na musamman a matatar ruwan akwatin don ya tsotse gubar. Duk da haka jatan landen suka kife tun kafin azahar, shuɗin kifin ya bi su da yamma. Furen kuwa ya tsuke ya koma kamar ƙwallon goruba, ya shige ramin dutse, kifin biyu suna ta zagaya wurin ba su da makwanci.

Kwanaki tana canza ruwa kaɗan-kaɗan, ba ta cin abincin kirki. Na ɗauka shi ke nan. Shekaranjiya da safe ina shara na ji muryarta ta kan katanga.

"Maman Hanan, jefar da tsintsiyar nan ki zo."

"Lafiya?"

"Ke dai ki zo, kar ki tsaya neman takalmi."

Furen ya buɗe. Bai kai da ba, launinsa ya ɗan koɗe, amma yatsun na rangaji. Ta kama kaina ta karkata shi gefe. A jikin dutsen da ke gindinsa akwai wasu ɗige-ɗige ruwan lemo jere, kamar an barbaɗa gero. Ƙwai ne. Ƙaramin kifin na tsaye a kai yana yi musu fifita da fukafukinsa, macen na sintiri, har gilashin ta kawo wa sara da na matsa. Muka riƙe hannun juna muna dariya kamar 'yan mata. Ta ce idan sun kusa ƙyanƙyashewa za a ga idanunsu suna ƙyalli ta cikin ƙwan, kuma renon 'ya'yan aiki ne mai wuya, ba lallai ta iya ba, amma ta riga ta kira Lawan ya nemo mata abincinsu.

A ranar muka ji cewa za a sake feshi Asabar mai zuwa. Ita ba za ta iya zuwa ta yi magana ba, kunya gare ta. Ni na yafa mayafi na sami shugaban kwamitin, Alhaji Misbahu, a ƙofar gidansa. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya faru, na roƙa a riƙa sanarwa kafin a yi feshi.

Ya yi murmushi ya ce, "Maman Hanan, yanzu kifi za mu yi wa sanarwa? Yara na kwance da zazzaɓi a layin nan."

Na ce, "Alhaji, jikata ma ta kwanta, kuma ni na fara ba da goyon baya a yi feshin. Amma tagar matar aure aka zura wa inji. In da jariri ne kwance a ɗakin fa? In da mai asma ce?"

Ya ce yaran da aka ɗauko ne ba su da natsuwa, za a duba. Na san wannan "za a duba" ɗin, na girme ta.

Ba wanda ya ce a bar sauro ya cinye mu. Hajiya Husaina ba ta nemi a biya ta ba, ba ta ce a tsallake gidanta ba. Abin da take buƙata lokacin da za ta rufe taga ne, ta lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen bargo, ta kashe injin iska har hayaƙin ya wuce. Lasifikar masallacin layinmu tana sanar da suna da ɗaurin aure, har akuyar da ta ɓata an taɓa cigiyarta a cikinta.

Saboda haka, Alhaji Misbahu da 'yan kwamitinka, ranar Juma'a bayan la'asar ku sa a faɗa a lasifikar nan cewa gobe akwai feshi, a faɗi lokacin. Ku gaya wa masu injin su tsaya a bakin kwata da lungu, kada bakin injinsu ya sake shiga tagar kowa, kuma su yi sallama a kowace ƙofa. Sannan kafin Asabar ɗin, kai da kanka ka tako gidan Malam Garba ka ba matarsa haƙuri, ka duƙa ka kalli ƙwan nan da idonka.