Hayaƙin Tukubata a Teburin Lauyoyi

Ko tsufa ya taɓa mini hankali, ba na jin zan manta ranar da lauyata ta kai ni buro, wato ofishin lauyan mutumin da ya yi ƙarata. Ni mai gasa nama ne a bakin Kasuwar Assihar, nan ƙasar Larabawa, tukubata tana dab da shagon wani Balarabe mai sayar da yadi. Shekaru muna gaisawa lafiya lau, kwatsam sai ga sammaci, wai hayaƙina yana ɓata masa kaya, yana so kotu ta tashe ni. Tashi daga nan kuwa mutuwar sana'ata ce, don masu sayen namana wurin suka sani, ba sunana ba.

Lauyar da aka haɗa ni da ita mahaifiyarta 'yar Agadas ce, Hausa a bakinta raɗau. Da zaman kotu ya matso, ta ce za mu je mu ga lauyan ɗaya ɓangaren. Raina ya ɓaci, don a garinmu wanda kuke shari'a da shi ko inuwa ba kwa haɗawa.

"Madam, saida ni za ki yi?" na tambaye ta.

Ta yi dariya. "Baba, wa zai saye ka kana warin hayaƙi? Gaya mini abin da ba ka iya bari, da wanda kake iyawa."

Na ce wurin ne ba na bari, sauran duk da sauƙi. Ranar tafiya na ƙunso nama mai zafi, tunda ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana. Ta ce in bar shi a mota kada a ɗauka toshiya ce. Haka na bari, ina jin zafin asarar.

Da Larabci suka yi magana, ni kuma na kasuwa nake ji, amma na gane abin da ta fara da shi: "Hayaƙi yana shiga shagon, ba mu musa ba." Kamar ƙasa ta tsage in shige! Ni da na shirya cewa iska ce ke da laifi. Sai dai lauyan nasa, wanda ya tara takardu don gardama, ya ajiye alƙalaminsa. Ta tambaye shi wane lokaci hayaƙin ya fi damun mai shagon. Bai sani ba, sai da ya buga waya. Ashe da safe ne, lokacin da nake hura itace shi kuma yana rataye yadi a waje. Tashina ma ba ya so, don masu cin nama su ne masu leƙa shagonsa. Nauyin faɗa mini yake ji, har 'ya'yansa suka gaji suka tura shi kotu.

Nan aka daidaita: in koma gawayi, in hura wuta kafin ya buɗe, in sa bututun hayaƙi. Abu ɗaya ya gagara, bangon da za a kafa bututun, nawa ko nasa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sakar masa ba. "Wannan mu bar wa alƙali," in ji ta. Abin da suka rubuta sai da ta fassara mini da Hausa na amince kafin ta sa hannu.

A kotu alƙali bai sha wuya ba, ya ce bututu a bangona. Na rasa wannan, amma tukubata tana nan har yau, kuma wallahi na ji daɗi.

Tun daga ranar na koyi cewa kafin a tsaya gaban mai hukunci, gara a zauna da abokin rigima, a amsa abin da yake gaskiya, a tambayi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Sau da yawa ba faɗuwarka yake nema ba, so yake a ji ciwonsa.