Mai Ƙuli na Rediyo da Mai Ƙuli ta Salaga

Har gobe ba na mantawa da wata Talata da na kusa sa a kori tsohuwa daga gidanta, saboda harafi biyu kacal.

Lokacin ina shugaban sashen Hausa a wani gidan rediyo a Yendi. Ni ke rubuta wasan kwaikwayo na mako-mako, Manaja ya sa hannu, sannan a naɗa. Wasan namu labarin wata ƙasa ce da ba ta duniya, inda sarki ya gina gari mai katanga yana zuba masu sihiri a ciki, wai don jama'a su zauna lafiya. Bayan kowane kashi mukan buɗe layi: a kulle su ko a bar su? Masu kira har daga Bawku, yawancinsu "a kulle!" suke cewa. Ni kuwa daɗi nake ji, shiri ya karɓu.

Babban mugun wasan namiji ne, na sa masa suna Mai Ƙuli. Issaka, wani dogon mutumin Bawku mai siririyar murya, shi ke fitowa a matsayinsa.

To, ku sababbin ma'aikata ku saurara. A Hausar gidan rediyonmu mukan bambanta "ya" da "ta". A zango kuwa, wato unguwannin Hausawa na nan, mace ma "ya zo", namiji ma "ya zo". Ni da aka haifa a zango, wallahi ban yi wannan tunanin ba.

Da safiyar Talatar Manaja ya kira ni ofis, fuska a murtuke.

"Malam Sule, ka san Mma Azara ta Salaga?"

"Ban san ta ba, Manaja."

"Ƙuliƙuli take sayarwa. Mai Ƙuli ake ce mata."

Ashe wani ne ya yanko minti guda daga wasan, wurin da ake cewa "Mai Ƙuli ya kama kurwar yarinya", ya baza a wayoyi kamar labarai. Ga 'yar maƙwabcin Mma Azara kwance da zazzaɓi. An yanke bayan la'asar za a kai tsohuwar zuwa ƙauyen da ake ajiye matan da aka zarga da maita.

Na janyo Issaka daga ɗakin naɗa shiri muka kama hanya. Da azahar muka isa ƙofar Sarkin Zangon Salaga, wuri ya cika. Mma Azara na zaune a gefe, kayanta ƙunshe a zani ɗaya.

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, wasa ne. Ni na rubuta. Mai Ƙulin ma namiji ne."

Uban yarinyar ya taso mini. "Rediyo ne ya faɗi! Mun ji muryarsa, muryar tsohuwa ne!"

Na ga bayani ba zai yi ba, sai na taɓa Issaka. Ya miƙe, duk tsawonsa da gemunsa, ya ƙanƙance murya: "Ni Mai Ƙuli, ba katangar da za ta tsare ni!" Wata mata ta ce "La ila!", sai dariya ta ɓarke. Sarki ya sa ya maimaita har sau uku, sannan ya ce a kai yarinya asibiti, tsohuwa ta koma ɗakinta. Kai, ranar na san ajiyar zuciya.

Na bi Mma Azara ina ba ta haƙuri. Ba ta yi faɗa ba. Tana kwance ƙullin zaninta ta ce, "Ɗana, ni ma ina jin wasanka. Waɗanda sarkin ya kulle ɗin, wa ya tabbatar masa suna da sihiri?"

Wata shida ina tambayar jama'a a kulle ko a bari, ban taɓa rubuta wurin da aka binciki ko mutum ɗaya ba.

Yarinyar ta warke, zazzaɓin cizon sauro ne. Ni kuma a kashi na gaba na sa sarkin wasan ya buɗe ƙofa yana tambayar kowa laifinsa, aka rasa mai shaida.

Shi ya sa nake takura muku a kan sunaye da kowane harafi. Mu muna ganin almara muke yi, mai saurare kuwa maƙwabciyarsa yake dubawa.